Wanda Ya Rufe Ƙorafin Tsoho Oosting

Ranar Litinin da safe mai kai wasiƙa ya leƙa taga ya hango tsoho Oosting kwance a gindin matakala, rai ya riga ya yi halinsa. A wuyansa akwai na'urar neman agaji, irin wadda tsofaffin birnin Groningen na ƙasar Holland masu zaman kaɗaici ke latsawa in sun faɗi. Da 'yan sanda suka zo, Insfekta Terpstra ya latsa ta, shiru kake ji. 'Yar mamacin ta ce kwana tara ke nan da mahaifinta ya kira kamfanin na'urar ya ce ta lalace.

A ofishin sauraron masu ƙorafi na kamfanin, manaja Harm ya juyo wa Terpstra da kwamfuta yana ta zuba yabon manhajarsu: kowane ƙorafi da lambarsa, duk wanda ya taɓa shi sai ta rubuta suna da lokaci. To, ga abin da ta rubuta. Wata ma'aikaciya, Rinske, ta karɓi kiran ta nemi mai gyara. Washegari ƙarfe goma da minti sha bakwai aka rufe ƙorafin da sunanta, wai an gyara, aka soke zuwan mai gyaran.

Rinske ta san kurkuku ke kallonta. Ta rantse ba ita ba ce. Ran nan ta kawo kek saboda ta zo ta ɗaya a rahoton wata karo na uku a jere, kuma ƙarfe goma tana kicin tana yankawa.

"Kin kulle kwamfutarki?"

"Ban kulle ba, Insfekta. Wa zan ji wa tsoro a nan?"

Harm ya nuna hoton da ya ɗauka a wayarsa, ga lokaci a jiki. Kowa na riƙe da faranti, ban da mutum ɗaya da babu a hoton.

Griet ke nan, shekara sha huɗu a kan kujera ɗaya, ita ce ma ta koya wa Rinske aikin. Ta ce tana kan waya da wani mai ƙorafi, ba ta da lokacin cin zaƙi kamar wasu. Yadda ta ja wannan "wasu" ɗin, ko kurma ya ji zafin da ke ciki. Terpstra ya duba, manhaja ta nuna babu kira ko ɗaya a layinta tsakanin goma da goma da rabi.

Ya koma ofishin manaja. Ya sa Harm ya fitar da duk ƙorafin Rinske da aka sake buɗewa. Biyar ne cikin wata biyu, da na Oosting shida, kowanne bayanin rufewarsa ya ƙare da R4. Harm ya yi tsuru-tsuru. Ya ce lambar tsohuwar manhaja ce, an daina ta shekara biyar, Rinske kuwa bara ta zo. Waɗanda suka saba da ita biyu suka rage, shi da Griet.

Terpstra ya ajiye takardun a gabanta. "Hannunki ya riga ya saba, Malama Griet."

Ta kalle su, sai baƙin cikin ya ɓalle. Shekara takwas sunanta ne a saman allon rahoton wata. Yarinyar da ta nuna wa inda ake kunna kwamfuta, yau ita ake tafa wa, har masu kira na cewa a ba su Rinske. Ita dai so take makin yarinyar ya faɗi. In an rufe ƙorafi manhaja na tura saƙo, mutum ya gani ya kira a fusace, a sake buɗewa, a rubuta wa Rinske laifi. Shi ke nan fa.

"Biyar duk sun sake kira," ta ce. "Kullum ina duba na tsohon, ina jira ya kira."

"Ba ya karanta saƙo. Mai gyara yake jira," in ji Terpstra.

Ta tambaya a hankali ko tsohon ya daɗe a ƙasa. Terpstra ya so ya yi shiru, amma haushi ya ci shi. Ya ce masu bincike sun buɗe na'urar, tana ƙirga duk latsawa ko da ba ta isar ba.

"Sau nawa?"

"Talatin da ɗaya. Ɗauko rigar sanyinki mu tafi."