Muryar Baba a Wayar Lauya

Lauya na zaune a ƙasan falo, takardu sun kewaye ta kamar mai tallar jarida, sai ga Auta ya shigo da garin katako har cikin gira. Kullum in ya dawo sai ya tsokane ta, "Ranki ya daɗe, an yanke mini hukunci ko an ɗaga shari'a?" Yau kuwa ko sallamar kirki bai yi ba.

Auta mijinta ne, ƙaramin ɗa a gidan masu haɗa kujeru da gadaje. Ita shari'a ta karanta, shi ya sa dangi suka laƙaba mata Lauya, ko da yake ko ƙofar kotu ba ta taɓa leƙawa ba. Bana ta koma yin mastas, wani kwas da ya haɗa shari'a da kasuwanci da hulɗa da jama'a. Firojek ɗinta a kan sana'ar gado ne, yadda uba ke miƙa wa 'ya'yansa ragama. Mutum ashirin ta yi hira da su, na ƙarshe surukinta, Baba. Minti arba'in suka yi a bayan shago, ƙofa a rufe, waya na naɗa. Bayan kwana uku ciwo ya kwantar da shi a asibiti.

"Mama ta ce ki kawo wayar," in ji Auta.

"A yi me da ita?"

"Haba Lauya! Babban Yaya ya rantse Baba ya gaya miki wanda zai riƙe shago. Yana cewa ni da ke mun haɗa baki. A kunna kowa ya ji, a huta."

"Na sa hannu a fom, Baba ma ya sa. Ba mai jin hirar nan sai da izininsa."

"Har ni?"

"Har kai, Masoyi."

Ya yi wata 'yar dariya marar gishiri. "Ashe fom ya fi miji."

Kafin la'asar an cire ta daga guruf ɗin gida na waya. Washegari ta tafi asibiti da niyyar neman izinin Baba, Mama ta tare ƙofa da faɗin jikinta.

"Ina za ki? Likita ya hana shi doguwar magana. Kai jama'a, ku yi shiru, ga boko ta iso, kada a naɗe mu!"

Dangin da ke wurin suka kwashe da dariya. Lauya ta zauna a ƙarshen benci da kwandon lemo a cinya, har aka tashi ba wanda ya karɓa.

Haka aka ɗauki sati biyar. Auta ya koma cin abinci wurin Mama. In ya shigo, magana ba ta wuce "Ina makulli?" Ita ke dafawa, ita ke ci, ita ke wanke faranti ɗaya da cokali ɗaya. A makaranta aka yi musu jarrabawa kan sasanta rikici, ta fi kowa maki, ta shige banɗaki ta yi kuka har hanci ya toshe. Ga ƙwararriyar sulhu, mijinta ko gishiri ba ya tambayarta!

Ranar da Mama ta aiko cewa ko wayar ko auren, Lauya ta ruga ofishin sufabaiza, malamar da ke duba firojek ɗinta.

"Madam, wallahi ba wani abin faɗa a ciki. In na kunna, komai ya wuce."

Matar ta zare tabarau. "To sauran mutum goma sha taran fa? Su ma in danginsu sun matsa sai ki kunna?"

Ta dawo gida, ta buɗe wayar, yatsa a kan wurin tura wa Auta hirar. Ta tuna yadda muryar tsohon ta yi rawa a ƙarshen hirar. Ta kife wayar, ta ɗauko tsintsiya ta share falon da ba wanda ya taka.

Ran da aka sallamo Baba, ya dubi falo cike da 'ya'ya ya ce, "Ina surukata?" Da ya ji labari sai ya sa Auta ya ɗauko ta. Ta shigo ta durƙusa nesa.

"'Yar nan, kunna musu. Na ba da izini."

Minti goma sha biyar na farko duk a kan gam ne, da yadda ake gane katakon da bai bushe ba. Sai ya gangaro kan Babban Yaya, wai yana barci a kan kujerar kwastoma har da minshari. Babban Yaya ya shiga sosa ƙeya. Can aka ji muryar Lauya: "Baba, wa kake so ya riƙe shago?"

Kowa ya miƙa wuya.

"Duk wanda ya riƙe, 'yar nan, katako ne. Ba shi ke damuna ba. Shekara bakwai ke nan da gwiwa ta zaunar da ni. Suna kawo abinci, suna kawo magani, Allah ya yi musu albarka. Amma ba wanda ya taɓa zama ya ce, Baba yaya ake kaza? Sai dai 'Baba sannu', ido na kan waya. Yau da kika tambaye ni sai na ji kamar ina da rai. Kada ki gaya musu, za su ji kunya."

Sai ƙarar fyace hanci, hira ta ƙare.

Mama ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Da ƙyar ta ce, "Matso kusa, 'yata. Ki yafe mini."

"Kun gani?" in ji Baba. "Ni ta rufa wa asiri, ku ta rufa wa kunya, kuka saka mata da wariya."

Auta ya zo ya tsuguna gabanta, ido jajir. "Ranki ya daɗe, na amsa laifina. Mene ne hukunci?"

Ta share hawaye, ta ɗan harare shi. "Minti arba'in kullum wurin Baba. Ba waya."

"Sai ya zo da shirin jin labarin gam!" in ji tsohon, aka fashe da dariya.

To, masu karatu, in kun ga mutum ya ƙi buɗe bakinsa, kada ku yi saurin cewa mugunta ya ɓoye. Wanda ya riƙe amanar wani har ya sha wuya a kanta, shi za ku nema ranar da taku amanar ke neman mariƙi. Kuma tsohon da ke gidanku, ku zauna ku tambaye shi wani abu yau.