Kafaɗar Hagu

Ta cikin kyamara ya fara ganinta. Ta zo gwajin gabatar da shirin wasanni, takardunta a hannu, mayafinta yana zamewa ta kafaɗar hagu. Shi kuwa mai ɗaukar hoto, wanda difilomarsa ba ta kai shi gaban kyamara ba sai bayanta, ya ɗan taɓa tasa kafaɗar. Ta gane, ta gyara, jar fitilar kyamara ta kama.

Daga ranar alamar ta zama tasu. Tana kiransa Idona, yana kiranta Tauraruwa, amma a saƙon waya kawai, domin a fili nauyin baki ba ya barinsa.

Da ya kai maganar aurenta gida, mahaifiyarsa ko kai ba ta ɗago daga keken ɗinki ba.

"Wadda ke zama cikin ƙarti tana musun ƙwallo? Wadda kowane mai shago ya san haƙoranta? Ba da ni ba."

"Mama, aiki ne."

"Ɗinki ma aiki ne. Wa ya taɓa zama yana kallona?"

Ya tura kawunsa ya lallashi Mama, ya dawo da sanyin gwiwa. Ya tura yayarsa, ta dawo da faɗa. Ga kuma wani tsohon ɗan wasa mai ɗingishi da ke gabatar da shirin tare da Tauraruwarsa ya fara kai ta gida a motarsa. Duk Asabar, da hannunsa yake saita hoton su biyu suna dariya.

Ranar Alhamis saƙonta ya shigo: "Idona, motar wani ba ta dame ni ba, shirunka ne ya dame ni. Idan barin aikin zai sa Mama ta yarda, jibi zan yi wa masu kallo bankwana."

Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa: "Tauraruwa, in kin bari domina, da wane ido zan dube ki? In ba ki bari ba, ban san gidan da zan kai ki ba."



Ranar Asabar hawaye ya cika masa ido, har bai ga mayafin ya zame ba. Da aka tafi talla, ya ji wayarsa ta motsa a aljihu. Saƙon Mama ne.

"Kai, ina hankalinka? Tun farkon shiri mayafin yarinyar nan ya zame. Duk sati tsaf nake ganinta, yau me ya same ku? Ka ce ta gyara. Surukata ba ta fita haka."

Ya miƙa wa Tauraruwarsa wayar. Ta karanta, ta gyara kafaɗa, ta ninke takardar bankwana da ta rubuto ta tura ƙarƙashin tebur.

Ranar ɗaurin aure, Mama da kanta ta ɗinka mayafin, ta maƙala masa fil ta hagu.

"Allah ya yi muku albarka," in ji ta. "Amma ki rage dariya da wancan gurgun ɗan wasan."