Jar Jesin Nasiru

Safiyar Asabar ce, Mansura na tsugune a tsakar gidansu na Kumbotso tana wanke kofuna, sai ga surukarta Hajiya Turai ta shigo. Mansura ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, amma ko kallonta ba ta yi ba.

"Auta!" Hajiya ta kira ɗanta Nasiru. "Fito ka rubuta mata takardarta. Na gaji da jira."

Hawaye ya cika idon Mansura. Duk rigimar nan a kan riga ɗaya ce. Mahaifinta, Malam Datti, manomin shinkafa ne a wani ƙauye kusa da Bunkure. Zuwanta gida na ƙarshe ya ce, "In mijinki yana da tsohuwar riga, ja in da hali, ki aiko min." Ba ta tambaye shi dalili ba, domin a gidansu ba a yi wa uba tambaya. Ta aika masa da tsohuwar jesin ƙwallon Nasiru, mai sunansa a baya. Da Hajiya ta ji, sai ta dafe ƙirji.

"Rigar da ta sha guminsa? Mai sunansa? Asiri ne! So suke su raba ni da ɗana!"

Tun daga ranar ta hana su taka Bunkure. Malam Datti kuwa ba ya riƙe waya, balle a kira shi a ji.

Nasiru ya fito daga ɗaki, idonsa jawur. "Umma, ban taɓa saɓa miki ba. Amma kaina ya yi zafi. Bari na ɗan zaga da mota wajen kanal, hanyar ruwan noman rani, na sha iska, ni da ita. In mun dawo sai mu yi magana."

"Kai da ita? Ta ƙarasa ka a hanya? Ƙafata ƙafarku!"

Haka su uku suka shiga mota ba shiri, ba guzuri sai ruwan leda da ƙullin gyaɗa. Hajiya a gaba, Mansura a baya tana share hawaye da gefen mayafi. Nasiru ya dube ta ta madubi, ya ce a hankali, "Sorry, Mansy."

"Ka yi Hausa, ina ji!" in ji Hajiya.

Da suka wuce Kura sai ya saki titi, ya bi turbar da ke gefen babban kanal. Wannan ruwa daga madatsar Tiga yake tahowa. Kafin a haƙa masa hanya, ƙasar nan jigawa ce ta gero da dawa. Tsofaffi suna cewa da rani ko akuya sai ta yi tafiya kafin ta sha. Yanzu kuwa kore ne iyakar ganin ido.

Suka fara tsayawa a wata 'yar gada inda ruwa ke faɗowa da kumfa. Belbelu sun jeru a bakin gaɓa, farare tas. Hajiya ta leƙa, fuskarta ta ɗan saki, sai kuma ta tuna fushi take yi ta ɗaure. Suka ƙara gaba zuwa wani falalen dutse mai tafki a gindinsa, bado ya rufe rabinsa. Nan Nasiru ya miƙa wa Mansura gyaɗa a ɓoye. Bai yarda sun haɗa ido ba. Ta gane cewa shi ma tsoro yake ji: yana son ta, amma maganar uwarsa ta fara shiga zuciyarsa.

Bayan sun yi azahar a kan dutsen, sai hanya ta rikice. Ƙananan kanal duk kamarsu ɗaya, kowace kwana irin ta baya. Nasiru ya duba wayarsa.

"Ba netwok."

Hadari ya taso daga gabas, ya rufe rana, gari ya yi wani irin duhu-duhu mai launin toka. Shinkafa ta nuna, ta sunkuyar da kai hagu da dama, amma babu mutum ko ɗaya a gonakin. Iska ta tsaya cak. Turbar ta ƙare a bakin wata kunya, dole Nasiru ya kashe mota.

Sai suka ji ƙara. Kwaram! Kwaram! Kwaram!

Gwangwanaye ne a rataye jikin igiyoyi da aka ja bisa gonar, suna kaɗawa da ƙarfi, alhali ko ganye ba ya motsi. Gwangwanayen suka tsaya. Can kuma suka sake, daga wani ɓangaren.

"Innalillahi!" Hajiya ta damƙi hannun ɗanta. "Auta, wane ne wancan?"

A tsakiyar shinkafa wani ne tsaye, ya ba su baya, hannuwansa a shimfiɗe. Ba ya motsi. Kansa baƙi ne, ba wuya, ba kunne. Jar riga ce a jikinsa, kuma ko daga nesa ana karanta fararen haruffan da ke bayanta: NASIRU.

Mansura ta dubi hagu da dama. Sai yanzu ta lura da wasu giginyoyi biyu da ke gefe, waɗanda ta sani tun tana yarinya. Gonar mahaifinta ce.

"Ka gani da idonka!" Hajiya ta fashe da kuka. "Sun kafe ka a daji! Shi ya sa motar ta kawo mu nan da kanta!"

Nasiru ya juyo ya dubi matarsa. Ba ta taɓa ganin irin wannan kallo a idonsa ba. "Mansura," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "gaya min gaskiya."

Ta buɗe ƙofa ta fita, ta cire takalmi, ta hau kunya. Tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, ta nufi mai jar rigar. Gwangwanaye suka sake kaɗawa a saman kanta. Wani baƙin gajimare ya tashi fuu daga cikin shinkafa, ashe tsuntsayen jan-baki ne, dubbai.

Daga wata 'yar rumfar kara da ta ɓuya a bayan giginya aka yi tari. Wani tsoho ya fito a duƙe, igiya naɗe a hannunsa.

"Wa nake gani kamar Mansura?"

"Baba!"

Malam Datti ya rame, ya yi baƙi. Ya hango motar, ya hango surukinsa yana tahowa da Hajiya a bayansa tana riƙe da rigarsa, sai murna ta kama shi har igiyar ta faɗi.

"Lale, lale! Hajiya da kanki? Yau gonata ta yi albarka!"

Hajiya ta nuna da yatsa. "Malam, mene ne wancan?"

"Wannan? Ai mutum-mutumi ne na korar tsuntsu. Kara ne da tsohuwar tukunya. Jan-baki in ba su ga mutum a gona ba, kafin la'asar sun bar min buntu." Ya yi dariya, ya kama abin ya juyo da shi. Tukunya ce kuwa, an zana mata idanu da farar ƙasa, har da murmushi a karkace.

"To don me sai rigar ɗana?"

Tsohon ya sunkuyar da kai, kamar yaron da aka kama. "Hajiya, Allah bai ba ni ɗa namiji ba. Maƙwabtana kowa da ɗansa a gona. Na ce bari ni ma na riƙa ɗaga kai ina ganin nawa. Da na ga kun daina zuwa, na ce ko aiki ne ya yi yawa. Sai nake gaishe shi da safe, na ce, Nasiru, an tashi lafiya? Ya iyali?"

Nasiru ya durƙusa a cikin taɓo, da wandonsa mai tsada, ya kama hannun tsohon. "Baba, ka yafe min."

"Me ka yi min?"

Hajiya Turai ta daɗe tana kallon tukunyar mai murmushi. Sannan ta juya ga Mansura, wadda har yanzu hawaye ke zuba a fuskarta. Ta kama gefen mayafinta ta share mata.

"'Yata, wata da watanni ina zaginki da ubanki, ba ki taɓa mayar min ba. Ki yafe min."

"Ba komai, Umma."

Yayyafi ya fara sauka. Suka ruga cikin rumfar su huɗu, a matse. Jan-baki suka dawo, Malam Datti ya miƙa hannu zai ɗauki igiya, sai Nasiru ya riga shi. Ya ja da ƙarfi har gwangwani ɗaya ya tsinke.

"A hankali, Auta!" in ji Hajiya. "Wancan na karan ya fi ka iya aiki."

Mansura ta yi dariya, karo na farko tun ranar da aka fara maganar riga.

Zato zunubi ne, kuma da yawan gidajen da suka rushe, tambaya ɗaya ce ba a yi ba. Mansura ta yi haƙuri, Allah kuma Ya wanke ta da rana tsaka. Daga wannan kaka, duk Asabar motar Nasiru tana bin gefen kanal, kuma Malam Datti ya samu mai amsa masa gaisuwa.