Ranar da Muryar Kaka Ta Ɓace

A garin Kafanchan akwai wata yarinya mai suna Tamar. Tana aji shida na firamare. Ita ta zo ta ɗaya a jarrabawar kwamfuta, kuma tun daga ranar mutanen gidan suka shiga uku da ita. Ko rediyo ne ya yi tari, sai Tamar ta ce a ba ta ta duba.

Babanta, Malam Gershon, malamin makaranta ne. Yana da wata tsohuwar kwamfuta ta hannu, kuma a cikinta ya ajiye muryar mahaifiyarsa. Kafin Kaka ta rasu bara, ya riƙa zuwa Fadan Kaje yana ɗaukar waƙoƙinta. Akwai na niƙa, akwai na haƙar citta, akwai na Zumuntar Mata ta coci. Duk duniya babu inda muryar take sai cikin wannan kwamfutar.

Ranar Asabar dangi za su taru a Fadan Kaje don sujadar tunawa da Kaka. Baba ya yi musu alkawari zai kunna waƙoƙin kowa ya ji.

"Kada wanda ya taɓa mini kwamfutan nan," in ji Baba. "Tamar, da ke nake."

"Na ji, Baba," ta ce.

Ta ji ɗin kuwa, amma da kunne kawai.

Ranar Alhamis ta dawo daga makaranta, ta tarar ba kowa a falo. Mama tana kicin, ƙaninta Asher yana waje yana tura taya. Ga kwamfuta a kan tebur. Tamar ta ce a ranta, "Kallo kawai zan yi."

Tana kunnawa sai wani saƙo ya fito a allo. Yana tambaya ko a sabunta bayos, wato ƙaramar manhajar da take tashin kwamfuta idan an kunna ta. Tamar ba ta taɓa jin sunan ba. Amma wadda ta zo ta ɗaya ai ba ta tambaya. Ta danna inda aka ce e.

Kwamfutar ta yi ɗan aiki, ta mutu, ta sake tashi da kanta. Sai ga baƙin allo da farin rubutu. Rubutun ya ce ba ta ga inda za ta tashi ba. Tamar ta kashe, ta kunna. Ta sake kashewa, ta sake kunnawa. Baƙin allon nan yana nan daram. Gumi ya keto mata. Lallai ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Ta rufe kwamfutar a hankali, ta shige ɗaki ta ɗauki littafi kamar mai karatu.

Da Baba ya dawo ya kunna, sai ya ƙwala kira. Kowa ya taru a falo.

"Wa ya taɓa wannan abu?"

Kafin Tamar ta yi tunani, bakinta ya riga ta.

"Na ga Asher ya ja wayar caji, kwamfutar ta faɗo daga tebur."

"Ba ni ba ne!" in ji Asher, yaro ɗan shekara biyar. "Ban taɓa shi ba! Sista Tamar, yaushe kin gan ni?"

Mama ta kama kunnensa. Ta sa shi ya durƙusa a lungu, ta kuma ƙwace tayarsa. Asher ya yi ta kuka har muryarsa ta dishe. Tamar ta kasa kallonsa. Da aka kawo tuwo da miyar karkashi, loma biyu ta yi ta ce ta ƙoshi. Kunya ce ta cika mata ciki.

Washegari bayan makaranta, Baba ya ce, "Ɗauko jakar kwamfutar ki raka ni. Ke ce kika ga yadda ta faɗi."

Suka tafi shagon Nuru mai gyaran kwamfuta, kusa da kasuwa. Nuru tsohon ɗalibin Baba ne. Ya tashi da sauri ya ba shi kujera.

"Sannu da zuwa, Malam. Me ya same ta?"

"Faɗuwa ta yi daga tebur," in ji Baba. "Muryar mamana tana ciki, Nuru. Gobe ne taron."

Nuru ya kunna kwamfutar, ya danna wani maɓalli. Wani shuɗin allo ya fito. Ya nuna musu wani jeri da yatsa.

"Nan ne kwamfuta take nuna wuraren da za ta iya tashi daga cikinsu," ya ce. "Ya kamata sunan faifan ajiya ya fito a nan. Shi ne rumbunta, komai yana cikinsa. To, ga shi babu."

"Ina ya tafi?" in ji Baba.

Nuru ya girgiza kai. "Tun da faɗuwa ce, Malam, faifan ya bugu. Irin wannan tsohon faifai ba ya son faɗuwa ko kaɗan. Sai dai in cire shi in sa maka sabo."

"Waƙoƙin fa?"

"Sai haƙuri, Malam."

Ya ɗauko sukurdireba, ya kifa kwamfutar. A gefen ƙafarsa akwai kwali cike da matattun faifai, waɗanda 'yan gwangwan suke zuwa kwasa. Tamar ta kalli kwalin. Ta juya ta kalli Baba. Baba ya cire tabarau, yana goge ido da bayan hannu.

Nuru ya kwance ƙusa ta farko.

"Ankul Nuru, tsaya!" Tamar ta faɗa da ƙarfi. Hawaye ya ɓalle mata. "Ba ta faɗi ba. Ƙarya na yi. Ni ce na kunna ta. Ta ce a sabunta bayos, na danna. Asher ko kusa da ita bai zo ba."

Har wata mata da ta zo karɓar caja ta tsaya tana kallo. Tamar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Baba ya dube ta, ya daɗe yana dubanta.

"Tamar," ya ce a hankali. "Ke?"

Da ya yi mata tsawa ma da ya fi mata sauƙi.

Nuru kuwa ya ajiye sukurdireban. "Bayos kika ce? Kin bar ta ta gama, ko kin kashe a tsakiya?"

"Na bar ta ta gama."

"Madalla. To, ai wannan wata magana ce dabam."

Ya mayar da ƙusar, ya sake buɗe shuɗin allon. Ya ce wa Tamar ta matso ta gani.

"Sabon bayos kamar sabon maigadi ne," in ji shi. "Ya zo bai san maigidan ba, sai ya hana shi shiga. Faifan babanki a tsohon tsari aka shirya shi. Da kika sabunta, sai saitin ya koma sabon tsari, ya daina ganin faifan. Bari mu gwada mayar da shi."

Ya sauya saitin, ya adana, ya sake kunnawa. Ya buɗe jerin nan na ɗazu. Sai ga sunan faifan ya fito a sama, kamar bai taɓa zuwa ko'ina ba.

Kwamfutar ta tashi lafiya lau. Baba ya buɗe waƙa ɗaya. Muryar Kaka ta cika shagon, tana waƙar haƙar citta da Jju, yarensu na gida. A tsakiyar waƙar sai ta tsaya, ta yi dariya.

"Ina Tamar?" in ji muryar. "Zo ki zauna kusa da ni, ki riƙe mini amshi. Ke ce ba kya mantuwa."

Tamar ta rufe fuska da hannu biyu, ta yi kuka sosai. Saura kaɗan ta jefa wannan muryar cikin kwali da bakinta.

Nuru ya kwafe waƙoƙin a filashi, ya miƙa wa Baba. "Ka ajiye su wuri biyu, Malam," ya ce. Sannan ya juya ga Tamar. "Mai gyara kamar likita ne. Idan kin ɓoye masa inda ke ciwo, zai yanka inda ke lafiya."

Da suka isa gida, Tamar ta faɗa wa Mama gaskiya da bakinta. Sannan ta durƙusa a gaban Asher.

"Ka yi haƙuri, Asher. Na yi maka ƙarya."

Asher ya turo baki. "A ba ni tayana tukun."

Mama ta ɗauko tayar ta ba shi, ta rungume shi, ita ma ta ba shi haƙuri. Baba ya ce Tamar ba za ta sake taɓa kwamfuta ba sai an yi hutu. Ta ce ta yarda.

"Ɓata kwamfuta kuskure ne, kowa yana yi," in ji Baba. "Abin da ba ki sani ba, ki tambaya. Idan kuma kin yi laifi, ki faɗa da wuri, kada ki ɗora wa wani. Ƙarya ce ta kusa raba mu da Kaka, gaskiya ce ta dawo mana da ita."

Ranar Asabar aka kunna waƙar a Fadan Kaje, dangi suka yi shiru suna ji. Da muryar Kaka ta nemi mai amshi, Tamar ta miƙe tsaye, ta riƙo hannun Asher, suka amsa mata tare.