Hatimin Reshen Farko

Ƙarfe tara na safe aka buga waya ofishin 'yan sanda daga hedikwatar bankin. Kafin tara da rabi Sufeto yana tsaye a ɗakin tarihi, gaban wani akwatin gilashi da babu komai a cikinsa sai jan ƙyalle. Gilashin bai fashe ba.

Matar da ke kula da ɗakin, wadda ma'aikata ke kira Anti Tarihi, ta yi masa bayani. Shekara sittin da suka wuce bankin ya fara a shago ɗaya, da tebur biyu da ma'aikata uku. Yau yana da rassa arba'in da uku a ƙasashe huɗu. Abin da ya rage daga wancan shagon shi ne hatimi na tagulla. Al'adar gidan ce, duk reshen da za a buɗe sai an kai hatimin can an buga a takarda, a dawo da ita a rataye a bangon nan. Gobe ake bikin cika shekara sittin, ga shi hatimi ya yi ƙafa.

"Makullin akwatin guda nawa ne?"

"Ɗaya ne, Yallabai. Bai taɓa barin jakata ba." Ƙasa take kallo.

Sai ga Daraktan rassan waje ya shigo yana ƙamshin turare. Shi ke tafiya da hatimin duk lokacin da za a buɗe reshe a ƙetare.

"Kada ka wahalar da kanka, Sufeto. Baba maigadi kaɗai ne a hawan nan jiya da yamma. Har na sa an rubuta takardar korarsa."

Sufeto ya samu Baba a kan benci, hularsa a gwiwa. Shekara talatin da huɗu yana tsaron ƙofar nan, saura wata biyu ya yi ritaya. In aka kore shi da sunan ɓarawo, ba fansho, ba mutunci.

"Baba, jiya ka bar wurin aikinka?"

"Ko taku ɗaya."

"To ledar maganin nan da ke leƙowa daga aljihunka fa? Ga takardar kanti, jiya ƙarfe biyar da minti ashirin."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Uwargida ce jininta ya hau. Darakta ne ya ce in je, amma in yi shiru kar a ce na bar aiki. Haba ɗana, ni zan saci Mai Giɓi?"

"Mai Giɓi?"

"Haka mu tsofaffi ke kiransa. Ranar da aka buɗe shagon farko ya suɓuce daga hannun mai bankin, gefensa ya ɓantare. Tsohon akawun da ya tsince shi yana raye. Gobe ma shi zai ɗaga shi a gaban baƙi."

Sufeto ya koma ɗakin tarihi, ya bi takardun bango ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba. Tun daga ta farko har ta arba'in, kowane zagayen tawada da ɗan giɓinsa a hagu. Uku na ƙarshe kuwa, na rassan ƙetare, zagayensu cikakke ne kamar zobe.

Ya juya a hankali. "Anti, ba zan ɗaga miki murya ba. Wa kika ba makulli?"

Hawaye suka zubo mata. "Darakta. Ya ce zai sa a goge hatimin. Da safe ya ce in na yi magana, ni ma na bi Baba."

Darakta yana waya lokacin da Sufeto ya shiga ofishinsa ya ajiye takardu biyu a tebur, ta arba'in da ta arba'in da ɗaya.

"Ranka ya daɗe, ban taɓa jin tagulla ta warke ba. Ina giɓin ya tafi?"

"Tawada ce ta yi yawa."

"Sau uku a jere? Buɗe mini aljihun teburin nan."

Darakta ya miƙa hannu ga aljihun. Da ya buɗe, sai ga hatimi naɗe a hankici, gefensa sumul.

"Shekara biyu ke nan," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "A tasi na manta da na ainihin, a wata ƙasar, ana gobe buɗe reshe. Na kai wa maƙeri hoto ya ƙera wani, shi kuma ya ɗauka giɓin kuskure ne ya cike shi. Ba wanda ya lura. Amma tsohon akawun nan, yana riƙe shi zai gane."

"Shi ya sa ka ɗora wa Baba."

"Na ga ya kusa tafiya..."

"Ya kusa tafiya da sunansa mai kyau. Tashi mu je."

Da suka iso ƙofa, Baba ya miƙe ya sa hularsa ya buɗe musu, kamar yadda ya saba. Darakta bai iya kallonsa ba.

"An yaga takardar korar, Baba," in ji Sufeto. "Mai Giɓi kuwa ya ɓata tun shekara biyu, na jabu ne ke cikin akwatin."

Tsohon bai yi murmushi ba. Ya dubi akwatin gilashin can ciki.

"Na gode, ɗana. Amma gobe wa zai gaya wa akawu?"