Kofi Mai Jan Ɗigo

"Ajiye wannan kofin! Ba naki ba ne."

Auta ta tsaya da kofin a hannu, ruwan bai kai bakinta ba. Inna, uwar mijinta, ta karɓe shi da bakin mayafi kamar mai sauke tukunya daga wuta, ta miƙo mata wani na roba. A gindinsa an ɗiga jan farce.

"Daga yau ga naki. Ga kwanonki, ga cokalinki. Duk na sa musu alama."

"Inna, Sista ta ce ba a ɗauka ta kofi..."

"Sistar a gidan nan take kwana?"

Auta ta waiwaya wajen mijinta. Mai Ƙanƙara, kamar yadda ake kiransa saboda sana'arsa, yana durƙushe a bakin ƙofa yana ɗaure kularsa a bayan babur. Igiyar ta ɗauru tuntuni, amma ya kwance ta ya sake ɗaurewa. Iyakar gudummawarsa a maganar ke nan.

Jan farcen ma nata ne. Shi ya sayo mata da suna amarci.

Kwana uku kafin nan ta je awo da cikin wata biyar, ta dawo da takarda. Ciwon hanta, wanda ake kira nau'in B. Sista, ungozomar ƙaramin asibitin unguwa, ta zaunar da ita ta yi mata bayani dalla-dalla, irin bayanin da mutum ke jin kowace kalma amma ba ya riƙe ko ɗaya.

"Mahaifiyarki na da rai?"

"Ta rasu."

"Me ya same ta?"

"Cikinta ne ya kumbura, idonta ya yi ɗorawa. An ce sammu ne."

Sista ta ajiye biro.

"To, wataƙila tun ranar da aka haife ki kike ɗauke da shi. Ki saurare ni da kyau. Abin da ke cikinki ba dole ba ne ya gāda. Akwai allura. Amma sai an yi masa ita cikin awa ashirin da huɗu da faɗowarsa duniya. Kin ji? Ashirin da huɗu."

Wannan kaɗai Auta ta riƙe.

An gwada Mai Ƙanƙara, aka samu jininsa fes, aka yi masa rigakafi. A gidan da ake da hankali wannan abin murna ne. A wajen Inna hujja ce: ɗanta lafiyarsa lau, saboda haka an san ta ƙofar da abin ya shigo.

Shekara biyu da aurensu, Mai Ƙanƙara bai taɓa ɗibar wa kansa ruwa ba. Sai ta sha ta rage, ya fizge kofin ya shanye, yana cewa, "Sanyin raina, ragowarki ta fi ƙanƙarata sanyi." Takan ce masa ƙazami, ya ce ya ji ya karɓa.

Yanzu ya koyi ɗibar ruwa. Ashe ya iya.

Bai zage ta ba, bai kore ta ba. Da ya yi ɗaya daga ciki da ta san inda za ta ajiye shi a ranta. Kawai ya zama mutum mai yawan aiki. Masu lemo na jiransa, masu kifi na jiransa, duk garin kamar zai narke in bai fita da sassafe ba. In ya dawo yakan ce, "Ya jikin?" yana kallon bango. Ita ma ta ce wa bangon, "Da sauƙi."

Ta jira kuka ya zo, bai zo ba. Ta jira fushi, shi ma bai zo ba. Takan wanke kofinta daban, ta kife shi daban, ta zauna a tsakar gida tana kallon ɗigon. Maƙwabta suka riƙa yaba haƙurinta. Ita dai ta san ba haƙuri ba ne. Kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, haka duk jikinta ya koma.

Sista ta ce in wata tara ya kama za su tanadi allurar. Yaron bai san da wannan shiri ba. Ya iso saura mako uku, ranar Alhamis, ƙarfe goma na safe.

Namiji ne. Aka ɗora mata shi a ƙirji, ta dube shi, sannan ta dubi agogon bango.

"Sista, allurar."

Sista ta cire safar hannu a hankali.

"Ranar Laraba ake kawo mana ita."

"Yau Alhamis."

"Na sani. Firjinmu ya mutu tun bara, ba ma ajiyewa. A kawo da safe, a mayar da ragowa da yamma."

Wato duk jaririn da ke son lafiyarsa a wannan unguwa, sai ya duba kalanda kafin ya fito.

Inna, da ke goge jikan da tsumma, ta ce, "To a bari sai Larabar mana. Mu da aka haifa ba allura, mun mutu ne?"

"Uwata ta mutu," in ji Auta. Ta faɗe shi kamar mai faɗin farashin sabulu.

Sai aka ji murya daga bakin labule.

"A ina ake samu?"

Mai Ƙanƙara ne, hular kwano a hannu. Sista ta rubuta takarda.

"Babban asibiti, can ƙetaren gada. Ka nuna wannan a ɗakin magani. Amma ka kula, kada ta yi zafi a hanya. In ta yi zafi ta lalace."

A karon farko cikin wata huɗu, Auta ta ga fuskar mijinta ta yi haske.

"Zafi?" ya ce. "A hannuna?"

Ya juya, sai kuma ya dawo, ya dube ta, ita ba bango ba.

"Ki kwantar da hankalinki. Wannan aikina ne."

Azahar ta wuce. La'asar ta wuce. Inna ta zuba mata ruwan zafi a kofi mai ɗigo, don ko a cikin rikicin naƙuda ba ta manta ta sako shi a jaka ba. Auta ta sha tana ƙirga awoyi. Awa ta bakwai ce ta kawo Mai Ƙanƙara, ƙura har gira, kula rungume a ƙirji.

"Layi, Sista! Layi kamar ana rabon aljanna! Kuma kin san da me suka haɗo ni? Wata 'yar jakar ruwa mai sanyi-sanyi, wai ita za ta riƙe magani. Na yar da ita a bakin ƙofa."

Sista ta daina murmushi.

"Ka yar?"

"Na biya ta shago na fasa sabon dutsen ƙanƙara, wanda ya kwana uku a injin. Na binne kwalbar a tsakiya, na zuba gishiri a kai. Ko gobe war haka ba abin da zai narke!"

Ya buɗe kular da alfahari. Hayaƙin sanyi ya taso. Sista ta tona, ta zaro 'yar kwalbar, ta ɗaga ta wajen taga, ta juya ta. Abin da ke ciki bai motsa ba.

"Ta daskare."

"Ai shi ne! Ba ki ce kada ta yi zafi ba?"

"Wannan in ta daskare ta mutu. Ko ta narke, ruwa ne kawai. Laifina ne, ban faɗa maka ba... ban zaci akwai mai iya daskarar da abu a kan babur ba."

"Akwai," in ji Auta.

Mai Ƙanƙara ya dubi kwalbar, ya dubi hannuwansa da sanyi ya farfasa. Ya zauna a ƙasa, nan tsakanin gado da bokiti.

"Bari in koma..."

"Sun rufe ɗakin magani. Sai bakwai na safe."

Inna ta fara salati tana tafa hannu. Sista ta ja ta waje. Aka bar su su uku.

"Auta."

Ta gyara wa yaron zani. Ya ci gaba.

"Abu ɗaya na iya a duniya. Ɗaya tak! Hana abu lalacewa. Shi ma yau..."

"Wata huɗu ba ka kira sunana ba."

"Na sani."

"Tsorona kake ji?"

"Wallahi a'a! Ranar da Sista ta gaya mini yadda mahaifiyarki ta ƙare, sai na kasa kallon idonki. Kullum ina tsoron in duba in ga ya sauya launi. Ga Inna a gefe. In na yi magana ta ce na fifita mace a kanta, in na yi shiru..."

"Sai ka zaɓi mai sauƙin."

"Na zaɓi mai sauƙin," ya ce, kansa a ƙasa.

Ta nemi abin da za ta ji, ta laluba ko'ina a ƙirjinta. Babu komai sai agogo.

"Gobe ba kwalba za ka ɗauko ba," ta ce. "Yaron za mu kai. Ka samo tasi ƙarfe shida. Kuma ka bar kular nan a gida."

Da safe Sista ta duba ta, ta ce za ta iya tafiya in ba za ta yi gaggawa ba. Inna ta ce mai jego ba ta fita kwana ɗaya da haihuwa, sannan ta riga kowa shiga motar, jikan a cinyarta.

A kan gada wata babbar mota ta lalace, kamar yadda manyan motoci suka saba yi duk ranar da talaka ke sauri. Bakwai ta yi musu a nan. Takwas ma. Mai Ƙanƙara ya fita ya zama ɗan sandan hanya na sa-kai, yana ihu, yana roƙo, yana tura motocin mutanen da bai sani ba. Auta na kallonsa ta gilashi kamar mai kallon talabijin da aka kashe wa murya.

Tara da kwata suka shiga. Layin ya kai bakin matakala. Ya bi shi mutum-mutum.

"Don Allah, Hajiya, saura minti arba'in... Baba, ka yi wa Allah... ɗana ne, jiya aka haife shi..."

Wata tsohuwa ta ce, "Ku bar shi ya wuce, kafin ya jiƙa mana ƙafa da hawaye."

Goma saura minti ashirin, wata ma'aikaciya mai hamma ta buɗe cinyar yaron, ta soka, ta zare. Ko daƙiƙa uku ba a yi ba. Yaron ya tsala ihu.

"Shi ke nan?" in ji Mai Ƙanƙara.

"Da me kake jira, ganga? Ku kawo shi sauran alluran a kan lokaci. In ya kai wata tara a gwada jininsa. Na gaba!"

Suka zauna a benci a baranda. Inna ta buɗe jaka, ta zuba ruwa daga fulas a kofi mai ɗigo, ta miƙa wa Auta da 'yan yatsu biyu.

Auta ta sha rabi. Za ta zubar da sauran a kwata, kamar yadda ta saba wata huɗu, sai hannu ya riƙe nata. Hannu mai kaushi, mai sanyi.

Ya karɓi kofin, ya kafa kai, ya shanye.

"Kai!" Inna ta miƙe tsaye. "Ka haukace? Ba ka ga alamar ba?"

"Na gani, Inna. Ƙishi nake ji."

"Ga wani kofin a jaka!"

"Wannan nake so. Inna, ki yi haƙuri. Ba a ɗauka ta kofi. Tun ranar farko na sani, bakina ne ya mutu."

Inna ta koma ta zauna, ta juya musu baya, tana jijjiga jikan tana gaya masa cewa ubansa ba shi da kunya.

Mai Ƙanƙara ya goge baki da bayan hannu. Ya dubi Auta cikin ido, ya daɗe yana dubawa. Fari ne tas.

"Sanyin raina," ya ce a hankali, "ruwan nan da zafi. Ya ƙona mini harshe."

"Ƙazami," ta ce.

Muryarta ta karye a tsakiyar kalmar. Abin ya fara daga maƙogwaro, ya sauka ƙirji, da zafi, da tsikari, kamar ƙafar da jini ya fara dawo mata. Ta kifa goshi a kafaɗarsa mai warin gishiri da ƙura, ta yi kukan wata huɗu a gaban layin mutane, shi kuma yana riƙe da kofin gam, kamar wani zai ƙwace.