Giyar Baba Oronzo Mai Araha

Ƙafafun Graziana sun kumbura, harshenta ya mutu murus saboda ɗanɗana giya tun safe a bajekolin giya na birnin Lecce. Aikinta ke nan, ta ɗanɗana ta rubuta wa jarida, kuma ya fara fita mata a rai. Tana neman ƙofar fita sai wani saurayi a teburin ƙarshe ya turo mata kujerarsa.

"Zauna, kar ki zube a gabana a ce ni na kayar da ke."

Sunansa Cosimo. Ya ba ta burodi da man zaitun, sai da ta huta ya zuba mata jar giyar gonarsu. Ta kurɓa, ta ɗago ta dube shi da kyau.

A makon ta rubuta a jarida game da giyar: "Tana ƙamshin busasshen ɓaure, da ɗan ɗaci mai daɗi a ƙarshe. Ba ta da girman kai, ga araha. Ku sha da taliya da miyar tumatir, ba sai ranar biki ba."

Cosimo ya turo mata saƙo: "Gajiyayyata, kin ci abinci kuwa? Yabonki na gani, muryarki nake nema."

Tun daga nan ba sa wuni ba su ji juna ba.

Amma mahaifinsa, Baba Oronzo, ya ɗauki zafi.

"Araha! Gumina ne araha? Wadda ta zage ni a jarida ba za ta shigo gidana ba. In aure kake so ga Ilenia nan, gonar ubanta a jikin tamu."

Cosimo ya gaji da musu, ga fari ya ƙona rabin inabin bana. Ana haka Graziana ta ga hotonsa da Ilenia a bikin gari, ta daina ɗaukar wayarsa.

"Zuciyata, Baba ne ya zaunar da ita kusa da ni," ya rubuta. "Wallahi na gaji da komai, ban da ke."

Ta karanta har ta haddace. Ranar Asabar ta hau mota sai gonar. Ta tarar da tsohon yana yankan inabi cikin rana, bai ko ɗago ba.

"Baba, ba raini na yi ba," in ji ta. "Mahaifina direban bas ne. Duk giyar da nake yabawa, shi sai dai ya karanta a jarida. Taku ce ya saya da kansa, ya kira ni yana murna. Abin da nake nufi ke nan."

Tsohon ya daɗe yana share gumi. Can ya miƙo mata almakashi.

"Layin nan bai ƙare ba. Kar ki tsinka da hannu."

Cosimo, da ke bayansu da kwando, ya juya kai don kar a ga idonsa.

An ɗaura aurensu bayan Ista, a ƙaramin cocin ƙauyen. Wajen walima Baba Oronzo ya miƙe da ƙyar, yana dafe da teburi.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Kai kuma Cosimo, in yarinyar nan ta yi magana, ka bari ta kai ƙarshe. Kar ka gaji halin ubanka."

Aka kwashe da dariya. Graziana ta tashi ta rungume tsohon, yana ta gunaguni wai za ta ɓata masa kwat.